Yadda Ake Gane Furen Toka da Yadda Ake Rainonsa a Zariya

Akwai wani ɗan itacen ado da ba kowa ya san shi ba a nan. Ganyensa ƙanana ne masu launin toka, kai ka ce an barbaɗa masa gari. Yakan yi watanni babu fure ko ɗaya, sai a yi ruwan sama, bayan 'yan kwanaki a wayi gari ya lulluɓe da furanni masu launin shunayya har da ƙyar ake ganin ganyen. Sunansa na kimiyya Leucophyllum frutescens. Kalmar farkon daga Girkanci take, ma'anarta farin ganye. Turawa na ce masa Texas sage, mutanen arewacin Meziko kuma cenizo, wato mai launin toka. Baƙo ne a ƙasar Hausa, don haka za mu ari sunan mutanen Meziko mu kira shi furen toka.

Asalinsa jihar Teksas ta Amurka da jihohin Meziko da ke maƙwabtaka da ita, irin su Coahuila, Nuevo León da Tamaulipas. A can kan tuddai masu duwatsu da farar ƙasa yake fitowa, inda ruwa ba ya kwana, kuma a wurare da yawa ruwan shekara bai kai rabin namu ba. Mutanen Teksas suna ji da shi, har a 2005 suka ayyana shi a matsayin ɗan itacen jiharsu na asali. Zariya kuwa tana samun kimanin milimita 1,000 na ruwa a shekara, duk a cikin wata biyar zuwa shida, mafi yawansa a Agusta. Duk abin da za a faɗa a ƙasa daga wannan bambanci ya fito. Zafin Maris da Afrilu bai dame shi ba, hunturu ma haka. Ruwa ne ajalinsa: marka, da ƙasar da ke riƙe ruwa, da maigidan da son itacen ya yi wa yawa har yake ba shi ruwa safe da yamma.

Masana tsirrai sun sa shi a dangin Scrophulariaceae. Wanda ya yi karatun noma a Samaru da tsofaffin littattafai zai tuna cewa a wannan dangi aka lissafa ƙuduji da ruma-fada. Daga baya, da aka koma duba ƙwayoyin halittar tsirrai, wajen 2001, sai aka rarraba dangin. Ƙuduji ya koma Orobanchaceae, ruma-fada ta koma Plantaginaceae, furen toka ya zauna inda yake. Kada wani ya ji an ce dangin ƙuduji ya tsorata. Ba ya tsotsar saiwar dawa ko masara, da saiwarsa yake ci.

Yadda za ka gane shi

Yawanci a leda za ka same shi wurin masu sayar da dashe, babu fure a kansa, kuma sunan da mai sayarwa zai faɗa maka ba abin dogaro ba ne. Saboda haka da ganye ake farawa.

Ganyen gajere ne, santimita 1 zuwa 2 da rabi, bai wuce farcen babban yatsa ba sai kaɗan. Ya fi faɗi ta wajen kai, ya tsuke ta wajen gindi, gefensa sumul babu haƙora, kuma kusan a manne yake da reshe, ba shi da doguwar mariƙa. Ɗaya-ɗaya ganyen ke fitowa, wannan a nan, na gaba ya ɗan hau sama ya juya wani gefe. Ka shafa shi tsakanin yatsu, za ka ji laushi kamar karammiski. Wannan tokar ba ƙura ba ce, gashi ne ƙanana masu rassa da suka rufe ganyen gaba da baya, su ke mayar da hasken rana su kuma rage fitar ruwa. Sabon reshe ma fari ne da wannan gashi, sai ya tsufa ya zama itace mai launin toka. Ka murza ganye ɗaya ka sansana. Ba shi da ƙamshi mai ƙarfi irin na ɗoɗɗoya ko na'a-na'a, kuma in ka karya reshe ba ya fitar da farin ruwa.

In kuwa ka tarar da shi cikin fure, an gama magana. Duk wanda ya san furen riɗi zai ga kamannin: ƙaramar ƙararrawa ce mai tsawon santimita 2 zuwa 2 da rabi, bakinta ya buɗe gida biyar, biyu a sama uku a ƙasa, cikin maƙogwaronta da ɗigo-ɗigo da ɗan gashi. Kowane fure shi kaɗai yake fitowa daga hammatar ganye, ba a dunƙule a kan reshe ba. Launin ya kama daga ruwan hoda zuwa shunayya, akwai kuma fari. In ya bushe sai ya bar ɗan ƙaramin kwanso mai ƙananan iri a ciki. Itacen da ya girma yakan kai mita 1 da rabi zuwa 2 da rabi, faɗinsa kusan haka, rassa da yawa daga gindi.

Abubuwa uku ne ido ke iya rikitawa da shi. Sabara ma tana da ganye mai toka-toka, amma nata ya fi girma, biyu-biyu yake fitowa suna fuskantar juna ko kusa da haka, kuma in ka juya bayansa za ka ga baƙaƙen ɗigo. Dashen zaitun ganyensa dogo ne mai tauri, kore a sama, fari a ƙasa kaɗai, shi ma biyu-biyu. Sai wani itacen shinge mai ganyen azurfa da ake kira Conocarpus, wanda ganyensa ya ninka na furen toka sau uku ko huɗu, da tsini a kai, furensa kuma 'yan ƙulla-ƙulla ne marasa kyan gani.

Wani abu da ke ruɗa mutane: ba kowane furen toka ne mai toka ba. An fitar da ire-ire. Green Cloud ganyensa kore ne kuma ya fi saurin girma, White Cloud furensa fari, Compacta gajere ne mai cika, ya fi dacewa da ƙaramin tsakar gida. Rainonsu duk ɗaya ne. Wanda kuma yake tunanin a kawo masa dashe daga ƙasar waje, ya sani shigo da tsiro mai rai na buƙatar izinin hukumar killace kayan noma ta ƙasa, NAQS.

Kafin ka biya kuɗi, ka ɗaga ledar ka duba ƙarƙashinta. In saiwa ta huda ledar ta shiga ƙasa har sai an fizge, bar shi. In ƙasar ledar laka ce mai nauyi, ta jiƙe sharkaf, ganyen ƙasa kuma sun yi rawaya, shi ma bar shi, ruɓa ta riga ta fara. Gara ɗan gajere mai rassa uku ko huɗu da dogon da ya miƙe shi kaɗai kamar sanda.

Wurin da za a sa shi

Rana yake so, daga safe har yamma in da hali, aƙalla awa 6 na rana kai tsaye. A ƙarƙashin mangwaro ko dogon yaro ba zai mutu nan da nan ba, amma zai yi zaƙo-zaƙo yana neman haske, tokar ta dushe, fure ya ƙi zuwa. Jikin katangar da ke fuskantar yamma, inda sauran furanni ke ƙonewa da la'asar, nan ne wurinsa. Ka bar mita ɗaya tsakaninsa da katangar don iska ta ratsa.

A gidajenmu akwai wurare huɗu da aka saba dasa fure saboda ruwa na zuwa da kansa: ƙarƙashin indararo, bakin rariya, wurin alwala, da gindin famfo. Duka huɗun kabari ne ga furen toka. Haka nan tsakiyar ciyawar ado da ake fesa wa ruwa kullum.

Ƙasar Zariya ba iri ɗaya ba ce. Wanda ke kan tudu mai tsakuwa, kamar gefen duwatsun Kufena, ya yi sa'a. Wanda ke gangaren Kubanni ko Galma, inda ƙasa ke da laka, aikinsa ya fi yawa. A wurare da yawa kuma saman ƙasar yana da sauƙin haƙa, amma in an yi ƙasa kaɗan sai a tarar da marmara ko jar laka mai tauri da ke tare ruwa. Ba a gane wannan da ido, sai an gwada. Ka haƙa rami mai zurfin santimita 30 da faɗi kamar haka, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse. Ka sake cikawa, wannan karon ka duba agogo. Cikawar farko ba ta nuna komai, domin busasshiyar ƙasa ce ke sha. In na biyun ya ƙare cikin awa 4, ƙasar ta yi. In ka cika da magariba ka tarar da ruwa da safe, kada ka dasa a daidai ƙasa, sai a kan tudu.

Mu a ganinmu, a Zariya kowa ma ya yi tudun, ko gwajin ya yi kyau. Kwana goma na marka a jere kan cika ƙasar da ta ci gwaji a watan Maris.

Ga yadda ake tayar da shi. Ka sassare wurin da diga, zurfin santimita 20 zuwa 25, faɗin mita 1 da kwata, don saiwa ta samu hanyar shiga ƙasa ta asali. A gefe ka haɗa baro 2 na ƙasar wurin, baro 1 na yashin rafi mai kaushi, da baro 1 na ƙananan tsakuwa ko ɓaraguzan tsohon bulon siminti da aka farfasa kamar girman gyaɗa zuwa goro. Yashin filasta mai laushi ba ya yi, in ya haɗu da laka sai su daskare. Ka juya su sosai, ka zuba a kan wurin da ka sassara, ka tayar da tudu mai tsayin santimita 30 zuwa 40, kansa a baje, gefensa a gangare. Ka jiƙa shi ka bar shi mako ɗaya ya zauna.

Ɓaraguzan bulon nan aiki biyu suke yi. Suna buɗa ƙasa, kuma suna rage mata tsami. Ƙasar yankin Samaru galibi tana da ɗan tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH, inda duk abin da bai kai 7 ba mai tsami ne, tana tsakanin 5 da 6 da ɗoriya, musamman inda aka daɗe ana zuba takin zamani, shi kuwa furen toka ya saba da 7 zuwa 8. Tsakuwar dutsen kwari da ake gini da ita tana buɗa ƙasa amma ba ta taɓa tsami. In da ita ka yi amfani, sai ka ƙara tokar murhu, cikin gwangwanin madara ɗaya a kowane tudu, a gauraya da ƙasa. Kada a wuce haka, toka mai yawa tana ƙona saiwa. Wanda zai dasa dogon shinge kuma yana son tabbaci, ya kai samfurin ƙasarsa ɗakin gwajin ƙasa a Samaru a auna masa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haƙa rami mai zurfi a cikin laka, a zuba tsakuwa a gindinsa, a cika da yashi, a ce an yi wa ruwa hanya. Ba hanya aka yi ba, randa aka binne. Ruwan kewayen duk zai gangaro cikin yashin ya taru, ba shi da mafita, saiwa ta zauna a ciki. Kashin shanu ko na kaji ma ba a sa shi a wannan tudu. Yana riƙe damshi, yana jawo gara, kuma itacen ba ya buƙatarsa.

Samar da dashe daga reshe

Ana iya shuka irinsa, amma ƙanana ne ƙwarai, suna da jinkiri, kuma abin da zai fito ba lallai ya yi kama da uwarsa ba. Yankan reshe shi ne hanya.

Lokaci biyu suka fi dacewa a nan: ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ke janyewa amma akwai sauran ɗumi da laima a iska, sai kuma Mayu zuwa farkon Yuni. A Agusta yawanci ruɓewa suke yi kafin su yi saiwa. A Disamba da Janairu kuma sanyin dare na tsayar da saiwa, iskar hunturu ta busar da reshen.

Ka fara da ƙasar reno. Kashi 2 na yashin rafi da aka wanke, kashi 1 na ɓuntun shinkafa da aka babbaka ya zama baƙi bai zama toka ba, ko garin gawayi mai ɗan kaushi. Babu ƙasa, babu taki. Ka zuba a ƙananan ledoji ko kofunan roba da aka huda gindinsu wuri huɗu ko biyar, ka kwarara musu tafasasshen ruwa don kashe fumfuna, ka bari su huce su tsane.

Da sassafe ake yanka, lokacin da reshe ke cike da ruwa. Ka nemi reshen bana wanda ya fara tauri: in ka lanƙwasa shi yana ɗan turjewa amma bai karye ba. Tohon da ke laushi lagwai-lagwai yaushi zai yi, tsohon itace kuma ba ya son fitar da saiwa. Wanda ba shi da fure ya fi, in akwai fure ko ƙullinsa ka tsinke. Ka goge reza ko almakashi da sifirit, ka yanka santimita 10 zuwa 12 daga kai, yankan ya faɗo dab da ƙarƙashin gaɓar da ganye ya fito. Ka zage ganyen rabin ƙasa a hankali ba tare da saɓule ɓawo ba. In wurin da ka yanko da nisa, ka naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, kada ka tsoma su cikin bokiti.

Akwai hodar fitar da saiwa mai sinadarin IBA da ake samu a wasu shagunan kayan noma. Tana taimakawa ƙwarai. Ka tsoma santimita ɗaya na gindin reshen, ka kakkaɓe abin da ya yi yawa. Sai ka huda yashin da tsinke, ka sa reshen zurfin santimita 4 zuwa 5, ka danne kewayensa da yatsa. In ka cusa shi kai tsaye ba huji, yashi zai goge hodar. Ka yi guda 20 ko da biyar kake buƙata, domin ba duka ke kamawa ba.

A nan ne furen toka ya bambanta da sauran dashe. An saba rufe yankan reshe da leda ruf don laima ta taru. Shi gashin ganyensa yana riƙe ruwa, in ya kwana a jiƙe sai ya yi baƙi ya ruɓe. Dabarar ita ce ka yanke gindin gorar ruwa ta roba ka kifa a kai, amma ka cire murfin gorar don iska ta riƙa fita. Ka ajiye inda akwai haske sosai amma rana ba ta dukansa kai tsaye, kamar bakin baranda ta gabas. Ruwa a yashi ake zubawa, ba a kan ganye ba, kuma sai saman yashin ya fara bushewa. In ka ga gumi ya taru a jikin gorar har yana gangarowa, ɗaga ta na awa ɗaya ko biyu. Duk wanda ya yi baƙi ka cire shi nan take kafin ya shafa wa na kusa.

Bayan mako 4 zuwa 6 ka ja reshe ɗaya a hankali. In ya riƙe, saiwa ta fito. Sabon toho a kai ba hujja ba ne, wani lokaci da ƙarfin da ke jikinsa yake tohowa alhali babu komai a ƙasa. Waɗanda suka kama, ka cire musu gora kwana uku, sannan ka mai da su leda mai ɗaukar lita 2, da haɗin ƙasa kashi 2, yashi kashi 1, gawayi ko tsakuwa kashi 1. Ka riƙa fito da su rana kaɗan-kaɗan, awa biyu na safe a makon farko, ana ƙarawa har su saba da wuni. Idan sun kai santimita 15, ka tsinke kan kowanne da farce don ya yi rassa. Wata 4 zuwa 6 a leda sun isa dashe.

Dashe da ban ruwa

Wanda ya yanka a Oktoba, dashensa zai isa daidai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kuma lokaci ne mai kyau: ƙasa ta yi sanyi, saiwa na da kusan wata biyu ta kama kafin marka. Amma ga mai rijiya ko famfo a gida, dashen Oktoba ya fi aminci, domin itacen zai samu wata tara yana kafa saiwa a ƙasar da kai ke iko da ruwanta. Tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta ba a dasa shi.

Da yamma ake dasawa. Ka buɗe rami a kan tudun daidai girman ƙasar leda, ka tsaga ledar ka cire ta gaba ɗaya. In saiwa ta naɗe a gindi kamar gammo, ka warware ta da yatsa ko ka tsaga wuri biyu da reza. Saman ƙasar ledar ya ɗara saman tudu da santimita 2 zuwa 3, domin zai zauna. Wuyan itacen, inda saiwa ta haɗu da kara, shi ne wurin da ruɓa ke fara kamawa, in an binne shi an gama. Ka cika, ka danne da hannu ba da ƙafa ba, ka ba shi lita 5. Kada ka yi masa kwarin ban ruwa a gindi irin na mangwaro. Ka shimfiɗa tsakuwa kaurin yatsu biyu a kan tudun, ka bar ɗan fili kewaye da wuyan. Tsakuwar na hana ruwan sama zaizaye tudun. Ciyawa ko kara ko dusar katako ba su dace ba, gara za su kira.

Tsakanin itace da itace mita 1 da kwata zuwa 1 da rabi. Don shinge, mita 1. Da farko zai yi kamar an yi ɓarnar fili, bayan shekara biyu za su haɗu.

Ga dashen rani, mako biyun farko ka ba shi lita 4 zuwa 5 duk bayan kwana 2 ko 3. Daga nan sau ɗaya a mako, lita 8 zuwa 10, a zuba a hankali ya shiga ƙasa, a ci gaba da haka har damina ta sauka. Kafin kowane ban ruwa ka cusa yatsa gaɓa biyu a ƙasa, in akwai damshi ka ƙara kwana. Da damina ba a ba shi ko ɗigo, sai in sabon dashe ne kuma aka yi fari na fiye da kwana goma. Itacen da ya shekara biyu, sau ɗaya a mako 2 ko 3 da bazara ya ishe shi, da hunturu ma sau ɗaya a wata. Ruwan wanka da na wanki ba nasa ba ne.

Taki kusan babu. In ka ga a shekara ta biyu ba ya motsi, cikin akwatin ashana ɗaya na NPK 15-15-15 a farkon damina, a barbaɗa a gefen tudu nesa da kara. Yuriya kam a'a. Za ta sa shi ya yi dogayen rassa masu laushi, ya koma kore, ya kwanta, fure ya ragu. Gwangwanin toka ɗaya duk shekara a watan Afrilu ya fi masa amfani.

Wanda tsakar gidansa siminti ne ko ƙasarsa fadama ce, tukunya ta fi masa. Ta yumɓu ta fi ta roba domin tana numfashi. Faɗin baki santimita 40 ko fiye, a huda gindinta wuri uku kamar kaurin yatsa, a ɗora ta kan bulo biyu don ruwa ya fice, ba faranti a ƙarƙashi. Na tukunya yana buƙatar ruwa fiye da na ƙasa, kamar sau biyu a mako da bazara. In marka ta yi tsanani a ja ta ƙarƙashin rufi inda haske ke kaiwa.

Fure da aski

Ba shi da watan fure guda. Yana fure ne kashi-kashi, duk lokacin da laima ta ƙaru a iska ko ƙasa ta jiƙe bayan bushewa. Shi ya sa a Teksas wasu ke ɗaukarsa mai duban ruwan sama, domin wani lokaci laimar da ke gaban hadari kaɗai ta isa ta tayar da shi. Kowane kashi kwanaki kaɗan yake yi, mako ɗaya ko ƙasa da haka, furen ya zube ya yi shimfiɗa a gindi, sai kuma wani karo. A yanayinmu, lokacin sa ido shi ne daga ruwan farko na Afrilu da Mayu, da kuma duk ruwan da ya biyo bayan 'yan kwanakin fari. Itacen da ake jiƙawa kullum ba ya jin wannan sauyi, shi ya sa furensa ke zuwa tsilla-tsilla. Ƙudan zuma na sonsa sosai, don haka kada a dasa shi dab da ƙofar ɗaki ko inda yara ke wasa, kuma kada a yi feshin maganin ƙwari yana cikin fure.

Kan aski, masu gyaran fure sun saba da babban almakashin shinge, su mai da komai ƙwallo ko akwati. Furen toka ba ya son haka. Duk inda aka datse sai ya yi cunkoson toho a waje, haske ya daina shiga, cikin ya zama busassun tsinke, kuma a sabon reshen da ake datsewa ne fure ke fitowa. Da ƙaramin almakashin hannu ake yi, sau ɗaya a shekara, a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu kafin ruwa. Ka fara cire matattu da masu goga juna. Sannan ka zaɓi dogayen rassa, ka bi kowanne zuwa cikin itacen ka yanke shi a inda ya rabu da wani, tsayi daban-daban, don kada ya yi kamar an yi masa aski da kwano. Kada abin da ka cire ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Ba a aski da marka, rauni a jiƙe ƙofar ruɓa ne.

Tsohon da ya yi ƙafafu tsirara, ganye sai a kai, ana iya sabunta shi: a sare duka rassan a tsayin santimita 30 zuwa 45 a ƙarshen Maris, a ba shi ruwa sau ɗaya mai kyau. Zai toho daga gindi. Amma sai mai lafiya, wanda ruɓa ta raunana ba ya tashi.

Idan ya fara ciwo

Ganye ya yi rawaya daga ƙasa, yana zuba, rassa sun yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take: ruɓewar saiwa ce. Mugun abin shi ne kamanninta ɗaya da ƙishirwa, domin saiwar da ta ruɓe ba ta jan ruwa, sai mai shi ya ƙara ruwa ya ƙarasa shi. Ka tona gefe kaɗan ka duba. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, da tauri. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana saɓulewa, tana wari. In ɓangare ne kawai, ka daina ruwa, ka janye ƙasa daga wuyan, ka haƙa 'yar lamba da za ta fitar da ruwa daga gindin tudun, ka rage rassa. In wuyan kansa ya yi baƙi ya zagaye, ka yanki rassan da ke da sauran lafiya ka reni sababbi, kuma kada ka mai da su wannan ramin.

Zubar ganye kaɗan a Janairu da Fabrairu ba ciwo ba ne, yana rage kaya ne, zai mayar. Ƙurar hunturu kuwa tana maƙalewa a gashin ganye har ya koma ja. Sau ɗaya a mako biyu ko uku ka watsa masa ruwa da safe don ya bushe kafin rana ta yi tsaka, ba da yamma ba.

Ƙwari ba su cika damunsa ba. A inda inuwa da cunkoso suke, farin ƙwaron nan mai kama da auduga kan taru a hammatar ganye, tururuwa na hawa da sauka. Cokalin shayi ɗaya na sabulun ruwa da cokalin shayi ɗaya na man dogon yaro a lita 1 ta ruwa, a fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi, a maimaita bayan mako ɗaya, sannan a rage rassan ciki don iska ta shiga. Gara kan bi mataccen reshe ko turken da aka kafa masa, don haka ba a barin busasshen itace a gindinsa, in kuma dole sai turke to na ƙarfe.

Sai awaki. A Teksas an san barewa ba ta cika cinsa ba, amma akuyar Tudun Wada a watan Maris ba barewa ba ce. Ko ba ta cinye ba za ta tsinke kan, ta tumɓuke ɗan dashe da saiwarsa. In a ƙofar gida ko bakin hanya ka dasa, ka kewaye shi da ragar waya mai tsayin mita 1 da kwata, nesa da ganye da taƙi biyu don kada ta zura baki, ka bar ragar har shekara biyu.